Neman shawara: kamfanonin inshora sun ƙi karɓar sana'ata ta tashi da laima

Ɗan Zangon Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin inshora da lauyoyin cikinmu ku taimaka mini.

Na koyi tashi da laima (paragliding, wato shawagi a sama da laimar da iska ke ɗauka) a Turkiyya, garin Oludeniz, inda ake tasowa daga dutsen Babadag a sauka bakin teku, har na samu takardar ɗaukar fasinja. Da yake Legas ba ta da tsauni, wadda na sayo mai inji ce, ana tasowa da ita daga fili da ƙarfin farfela. Niyyata in riƙa ɗaukar masu yawon shaƙatawa a bakin ruwa ta wajen Ibeju-Lekki ranakun Asabar da Lahadi, in abin ya kankama in buɗe 'yar makaranta.

Mai wurin da muka daidaita da shi ya ce ba zan tashi ba sai na kawo inshorar da za ta biya diyya idan fasinja ya ji rauni ko na faɗa kan baƙonsa, kuma a sa sunan wurinsa a ciki. Kamfanonin da na je yawancinsu sun ce ba sa yin irinta. Ɗaya ya miƙo mini inshorar alhakin jama'a, wato mai biyan diyya in ka jawo wa wani rauni ko asara, da na karanta sai na tarar an cire duk abin da ya shafi tashi sama. Abokina ya ce in daina wahalar da kaina, kowane fasinja ya sa hannu cewa shi ya ɗauki kasadar. Wannan ya isa? In bai isa ba, ina zan nufa?

Hajiya Dillaliya, Marina:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya so ka da ka karanta kafin ka biya. Cire tashi sama daga inshorar alhakin jama'a ba mugunta ba ce, haka ake rubuta ta kusan ko'ina, domin harkar sama kasuwarta daban. Kamfanoninmu ba sa riƙe irin wannan kasada su kaɗai, suna kai kaso mai yawa wajen manyan masu inshora na waje, musamman kasuwar Lloyd's ta Landan, kuma fitar da ita sai da yardar NAICOM, hukumar da ke kula da inshora a Najeriya. To ka duba: mutum ɗaya, laima ɗaya, babu tarihin haɗurran wannan wasa a Najeriya da za a auna farashi da shi, ga kuɗin da za ka biya kaɗan, ga diyyar karyewar ƙashin baya mai yawan gaske. Wa zai yi rawar jiki?

Ka daina bin ofisoshi da kanka. Nemi dillali mai rajista da NCRIB, majalisar dillalan inshora, wanda ya saba da inshorar jiragen sama. Ka gaya masa abu uku kake so inshorar ta rufe, kowanne da sunansa a rubuce: mutanen da ke ƙasa da dukiyarsu, fasinjan da ka ɗauka, sai ɗalibin da kake koyarwa. Na farkon ya fi sauƙin samu. Na ukun ne ke korar kamfanoni, don ɗalibi shi kaɗai yake sama kana ƙasa da rediyo a hannu. Ka kuma tambaya ko inshorar tana bin ranar da haɗari ya faru ne ko ranar da aka kawo ƙara, saboda ƙara na iya zuwa bayan wa'adinta ya ƙare. Farashin kuwa, ka shirya jin sa da dala.

Barista na Ikeja:
Abokinka ba lauya ba ne, in ma lauya ne ka canza shi. Sa hannun yana da amfani, yana nuna an yi wa fasinja bayanin haɗarin ya yarda. Amma dokar kare masu sayen kaya da hidima ta 2018 ta hana ɗan kasuwa rubuta sharaɗin da zai wanke shi daga mummunan sakaci. Igiyar da ta tsufa ba ka canza ba, ko tashi cikin iskar da ta fi ƙarfin laima, babu takardar da za ta rufe maka. In kuma rai ya salwanta, magada ne za su zo, su kuwa ba su sa hannu a komai ba.

Yi rajistar kamfani a CAC, zai rage hawa kan dukiyarka, sai dai tunda kai ne matuƙin ana iya haɗa sunanka a ƙarar. Kafin komai ma, ka rubuta wa NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da NAMA, mai kula da sararin samaniya. Sararin Legas cike yake da jiragen filin Murtala Muhammed da masu saukar ungulu, ga matatar Dangote a yankin da ka zaɓa. Tambayar farko da mai inshora zai yi maka ita ce ina izininka.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12:
Yaro, ni dai a ƙasa nake cin abincina. Amma ko tirela ba ta barin Kano da kaya sai da takardu, balle mai ɗaukar ɗan mutane zuwa sama. Kada kuɗin Asabar ɗaya ya ja maka abin da gidanku ba zai iya biya ba.

Bakano a Amurka:
Ni ma ina tashi a nan, kuma wannan ciwon ba na Najeriya kaɗai ba ne. A 2015 masu yi wa ƙungiyar matuƙanmu ta ƙasa, USHPA, inshora suka ce ba za su sabunta ba. Abin ya girgiza kowa, domin masu filayen da muke tasowa da sauka ba sa barin mu shiga sai da ita. Ƙarshenta mambobi da makarantu suka yi karo-karo, suka kafa kamfaninsu na kansu, Recreation Risk Retention Group, ya fara aiki a 2016. Tun daga nan sharuɗɗa suka tsananta a kan masu koyarwa don kuɗi: binciken makaranta, rubuta kowane darasi, kai rahoton duk wani haɗari. Wasu ƙananan malamai sun ajiye koyarwar saboda tsada. Mu dubbai ne shi ya sa karo-karon ya yiwu. Ku nawa ne a Najeriya?

In kana da katin wata ƙungiyar waje, kada ka ɗauka inshorarta ta bi ka Legas. Ka tambaye su a rubuce, ka ambaci fasinja mai biyan kuɗi da kuma inji.

Malam na Idi-Araba:
In zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisin NAICOM, ka sa dillalin ya gwada su. Ka kuma tuna, a shari'a kisan kuskure ma yana da diyya.

Ɗan Zangon Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, idan ta mutanen da ke ƙasa kawai na samu, zan iya farawa da ita?

Hajiya Dillaliya, Marina:
Kai kaɗai, bayan izini ya fito, e. Ka yi tashin nuni ko na talla, kana rubuta kowane tashi da kowane gyara a littafi, shi ne za ka nuna wa masu inshora baɗi. Fasinja kam a'a, ko kyauta ne. Ka leƙa bikin tashi da laima na Kwahu a Ghana lokacin Ista, tun 2005 suke yin sa a Atibie da matuƙa daga ƙasashen waje, ka tambaye su wa ke yi musu inshorar fasinja. Makarantar kuma ka jingine ta tukuna. Turo mini hoton takardarka ta Turkiyya da bayanin injin, in ga wanda zan haɗa ka da shi.