Don Allah ku ba mu sunayen finafinan da ba kowa ya sani ba

Dan_Aboabo:

Salamu alaikum jama'a. Masu kallon fim na gaske nake nema yau. Ni da abokaina a nan Aboabo duk daren Asabar muna kafa ataya mu haska fim a bango da wata tsohuwar furojekta, to yanzu abin ya fara gundurar mu, na Indiya mun sha, na Kano mun sha, na Kumawood, wato waɗanda ake yi a nan Kumasi, kuwa tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki mun san me zai faɗa. Muna son irin waɗanda aka manta da su, ko masu ban mamaki da za ka gama kallo ka zauna shiru kana tambayar kanka me na gani yanzu. Ko dokumentari ne muna so. In da hali wanda ya shafe mu, Gana ko zango ko can arewa inda kakanninmu suka fito. Yare ba matsala in dai akwai fassara a rubuce a ƙasa. Allah ya saka da alheri.

Jikan_Zabarma:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai da kake zaune a Kumasi ka fara da Jaguar na Jean Rouch, kada ka tsallake shi. Bafaranshe ne, ya ɗauki fim ɗin wajajen 1954 tun ana kiran ƙasar nan Gold Coast amma bai fito ba sai 1967. Labarin samari uku ne daga Nijar, Damure Zika da Lam da Illo, suka taso daga bakin kogin Kwara da rani suka gangaro kudu neman kuɗi, yawancin tafiyar a ƙasa, suka bi ta Dahome da Togo suka shigo. Da suka iso sai kowa ya kama gabansa, Damure ya samu aiki wurin masu katako a Ankara, babban birnin Gana, Illo ya tafi bakin teku wurin dako, Lam shi ne ya ƙare a kasuwar Kumasi. Daga baya suka haɗu suka buɗe ɗan tebur a kasuwar suna sayar da tarkace.

Abin da zai kama ka shi ne yadda aka yi sautin. Kamarar da Rouch ke riƙe da ita irin wadda ake murɗawa da hannu ce, ba ta ɗaukar murya kuma ba ta wuce 'yan daƙiƙu kafin a sake murɗa ta, to bayan an gama sai ya zaunar da su Damure a gaban hoton suna kallo suna hira, hirar tasu ita ce muryar fim ɗin. Za ka ji suna tsokanar juna suna musu a kan me ya faru a wuri kaza. Akwai inda Damure ke tafiya a titin Ankara da baƙin tabarau da taba a baki yana taƙama shi ɗan gayu ne, kowa ya kalle shi, wallahi sak yaran unguwar Nima ta Ankara ranar sallah. Kuma za ka ga kasuwar Kumasi ta wancan zamanin daga sama, rumfunan kwano jere jere, za ka ga taron siyasa na mutanen Nkrumah kafin 'yancin kai. A ƙarshe da damina ta kusa suka tattara suka koma gida, kayan da suka sha wahalar tarawa suka rabar wa dangi cikin ɗan lokaci. Kakana irin tafiyar nan ya yi, sai dai shi bai koma ba, ga mu nan. Shi ya sa ba na iya kallon fim ɗin a matsayin labarin wasu.

In kun gama shi sai ku ɗora da Les Maîtres Fous, shi ma na Rouch ne, 1955, gajere ne kusan rabin awa, a Ankara da wani ƙauye bayan gari aka ɗauka. Kan 'yan Hauka ne, wato masu borin da ya taso a yankin Filinge na Nijar wajajen 1925, iskokin da ke hawansu ba na daji ba ne, Turawan mulki ne, Gwamna da Janar da kofur da matar likita da direban jirgin ƙasa. Amma ina gaya maka tun yanzu yana da nauyi, akwai kumfa a baki da yanka kare. Gwamnatin Ingila ta hana nuna shi a nan lokacin.

Hajiya_Nima:

Ɗana Jikan_Zabarma, Jaguar na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Na biyun ne ban yarda a haska wa yara a bango a tsakiyar unguwa ba. Na kalle shi, kuma raina ya ɓaci ba don kare ba. Mutanen nan leburori ne, masu dako, masu yankan ciyawa, 'yan zango irin iyayenmu, aka ɗauke su a cikin hali mafi muni da idanu a juye da jini a baki aka kai Faransa ana nuna wa masu kwat, kuma duk tsawon fim ɗin murya ɗaya ce ke magana, ta Baturen, shi ke gaya maka wane ne wannan me yake nufi. Su ba a tambaye su komai ba a gaban kamara. Ba ni kaɗai ba ce, tun farkon nuna shi a Paris 'yan Afirka da ke wurin suka nuna fushinsu, kuma Ousmane Sembène, mai shirya fim ɗan Senegal, ya taɓa faɗa wa Rouch ido da ido cewa irinsu suna kallonmu kamar ƙwari. Ga kuma batun addini, yaro zai gani ya ɗauka wasa ne.

In kuna son abin da zai shiga zuciya ku nemi Shaihu Umar. Da Hausa aka yi shi tsantsa, 1976, Adamu Halilu ya ba da umarni, daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaro ne aka sace daga wajen Kagara, bauta ta kai shi har ƙetaren hamada hannun wani Balarabe da ya riƙe shi kamar ɗa ya ba shi ilimi, uwarsa kuma ta bi sahunsa tana nema. Ita uwar ce ta sa ni hawaye, ba shi ba. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru har ana cewa babu shi, sai a 2016 aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar fim ta Najeriya a Legas, aka gyara shi a Jamus aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Yana da tsawo, ya haura awa biyu kuma a hankali yake tafiya, ku ƙara ganyen shayi. Amma Hausar da ke ciki, yaranmu na zango da ke haɗa ta da Twi da Turanci su zauna su saurara.

Sai kuma dokumentari ɗaya don matan gidanku su ma a kira su, Al'lèèssi na Rahmatou Keïta, 2004, kan Zalika Souley, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a Nijar. Saboda tana fitowa a matsayin mace marar kunya a fim sai mutanen gari suka ɗauka halinta ne, ta sha zagi. Za ka gan ta a tsufanta a gefen Yamai tana ɗibar ruwa, gida ba famfo ba komai, matar da aka zagaya da ita bukukuwan fim na duniya. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta.

Jikan_Zabarma:

Hajiya na ji, kuma maganar yara gaskiya ce, manya kawai. Sai dai ki ba ni dama in faɗi abu ɗaya. Su 'yan Haukan ne suka gayyaci Rouch ya zo ya ɗauka, ba laɓe ya yi musu ba. Kuma ki tuna wurin da aka fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna, sai hoton ya yanke zuwa Gwamnan gaske a fareti da farin gashin tsuntsu yana zubowa a kan hularsa. Wanda aka tona wa asiri a nan ba lebura ba ne. Mutanen da ba su da bindiga ba su da jarida suka ɗauki duk tsarin mulkin mallaka, sara da fareti da taron shawara da tsawa, suka maida shi abin da ke hawan mutum yana sa shi kumfa, ai shi ya sa Ingilishi suka ji zafinsa suka hana. Washegari kuma an nuna su a bakin aikinsu suna haƙa rami suna dariya lafiya lau. Inda na tsaya tare da ke shi ne muryar, da ya bar su sun yi bayani da bakinsu kamar yadda ya bar su Damure a Jaguar da fim ɗin ya fi haka daraja. Ni a ganina ma sukar da ya sha ce ta sa ya canja salo daga baya.

Tunda kin kawo Zalika, Dan_Aboabo ka haɗa da Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, 1966, tana ciki. Wani ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka canja sunaye suka addabi ƙauyensu, har raƙuman dawa suke kora. Wannan shi ne ainihin abin mamakin da kake nema, kuma gajere ne.

Yaron_Mamobi:

Cale ku duk kun tafi zamanin kakanni 😂 Yaya Dan_Aboabo abin da kake nema yana bayan gidanka. Ka nemi fim mai suna 2016 na wani mai shirya fim da ake kira Ninja, a Kumasi aka yi shi, dodannin sama jannati sun sauko suna jifa da motoci, duka da kwamfuta aka haɗa. Turawa suna yaɗa tallarsa a intanet suna dariya amma ni ina girmama mutumin, ba wani kuɗin kirki ya ce sai ya yi kuma ya yi. Sai Diabolo na farkon shekarun 1990, mutumin da ke rikiɗa maciji don kuɗi, yayyenmu har yau suna ba da labarin yadda ya hana su barci.

In kuma mai kyau na gaske kake so, The Burial of Kojo na Blitz Bazawule, 2018. Yarinya ce ke neman ubanta da ya faɗa ramin galamse, wato haƙar zinare ta bayan fage, amma kamar mafarki aka yi shi, akwai hankaka akwai duniyar da komai ke kife. An sa shi a Netflix a 2019 duk da haka in ka tambayi mutum goma a tiroto, wato motar haya, da wuya ka samu wanda ya gani.

Dan_Aboabo:

Kai jama'a na gode ƙwarai, na rubuta duka. Hajiya mun ji, na 'yan Hauka za mu kalla a ɗaki mu kaɗai. Tambaya ɗaya, a ina ake samun irin waɗannan? Kuma na Gana na da fa, babu wanda ya ambaci ko ɗaya.

Baba_Alabar:

Yaro, tambayarka ta biyu ita ce mai ciwo. Mu da muka yi layi a ƙofar Rex da Odeon a nan Kumasi, mutanen Nima kuma suna da Dunia, mun ga lokacin da Gana ke yin fim na faifai na gaske. Nkrumah ya kafa kamfanin fim na gwamnati ya zuba masa kayan aiki. A 1996 aka sayar da kaso 70 cikin ɗari ga wani kamfanin Malesiya, su talabijin ce a gabansu, faifan da aka tara tun zamanin Turawa aka bar su zafi da laima suka cinye da yawa. Gidajen silima kuma yawancinsu sun koma coci ko shago. Akwai dokumentarin da Anita Afonu ta yi kan wannan, Perished Diamonds, ka nema ka gani da idonka gwangwanayen faifai sun yi tsatsa.

Cikin waɗanda suka tsira ka fara da Kukurantumi na King Ampaw, 1983. Direban tsohuwar lori ne mai jigila tsakanin ƙauye da Ankara, mota ta lalace aiki ya tafi, sai ya so ya aurar da 'yarsa ga mai kuɗi don ya farfaɗo, ita kuma tana da wanda take so. Duk wanda ubansa ya yi tuƙi ko ya yi yaron mota zai gane kowane abu a ciki, tun daga yadda ake lallaɓa injin da safe har yadda mai mota ke magana da direba. Sannan Heritage Africa na Kwaw Ansah, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1989, kan baƙin ma'aikacin Turawa da ya canja sunansa ya koma na Bature har ya miƙa wa maigidansa kayan gadon gidansu. A Afirka an san shi, a gida yaran yanzu ba su taɓa jin sunansa ba.

Na kiɗa kuma Soul to Soul. Ranar 6 ga Maris 1971 aka yi wasan a Black Star Square, Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana da Staple Singers duk sun zo, aka kwana ana yi. Kada ka tsaya kallon mawaƙan kawai, ka dinga duba fuskokin jama'a da ɗinkin da ke jikinsu.

Batun samu, na Rouch an fitar da su a DVD da fassarar Turanci, Jaguar da na 'yan Hauka suna cikin kwali ɗaya. Ka leƙa Alliance Française na nan Kumasi ka tambayi ɗakin karatunsu, in ka sauka Ankara kuma ka je wajen makarantar fim da aka fi sani da NAFTI a Cantonments, cibiyar al'adun Jamus ta Goethe na nan kusa da su, ɗaliban fim sun fi kowa sanin wa ke da me. Wasu kan bayyana a YouTube su ɓace, in ka gani ka kalla a daren kada ka ce sai gobe. Shaihu Umar ne zai fi ba ka wahala, in wani a nan yana da hanyarsa ya yi magana, ni ma ina so in gani kafin idona ya ƙara rauni.