Ƙirjina na ɗaurewa idan ina buga ƙwallo, wane gwaji ya kamata in yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekarata 48, ba na shan taba, kuma har yanzu ina buga ƙwallo safiyar Asabar da Lahadi da tsofaffin 'yan wasan unguwarmu. Kwanakin baya wani abokin wasanmu, wanda ya fi mu duka gudu, ya yanke jiki ya faɗi a fili, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ni kuma yanzu idan wasa ya yi zafi sai ƙirjina ya ɗaure, in na tsaya na huta sai ya sake ni. Mai kemis ya ce olsa ce. Mahaifinmu bugun zuciya ne ajalinsa yana da shekara 52. Wane gwaji zan yi, kuma in ci gaba da wasa?

Likitan zauren:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mamatan. Malam, ka jingine takalmin ƙwallo tukuna, ka ga likitan zuciya cikin makon nan. Olsa da abinci take tafiya, ko yunwa ko bayan ci. Ciwon da gudu ke tayarwa hutu ya kwantar cikin 'yan mintuna, na zuciya ne har sai gwaji ya nuna akasin haka.

Jijiyoyin da ke shayar da naman zuciya suna tara kitse a bangonsu shekara da shekaru. Kana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya isa. Da ka zura da gudu sai zuciya ta nemi ƙari, hanya ta gaza, ƙirji ya ɗaure. Ranar da ɓawon kitsen ya tsage, jini ya daskare a wurin ya toshe hanyar gaba ɗaya, shi ne bugun zuciya. Matasa irin Marc-Vivien Foé na Kamaru, da ya faɗi a fili a Lyon a 2003 yana da shekara 28, galibi kaurin naman zuciya ne ko wata matsalar gado. Wanda ya haura 35 kuwa, mafi yawa toshewar jijiya ce, kuma ƙarfin ƙafa ba ya hana ta. Uba ko ɗan'uwa namiji da abin ya sama kafin shekara 55 babban dalili ne, ka fara faɗa wa likita wannan.

Za a yi maka ECG, gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa, amma kada ka yi murna don ya fito lafiya. Kana kwance ake ɗaukarsa, mai toshewa ma kan samu sakamako mai kyau. Tunda kana da alama, likita zai duba ko a yi hoton zuciya na eko, gwajin tafiya a kan inji ana kallon bugunka, ko hoton jijiyoyin kansu. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na ABU a Shika suna da likitocin zuciya.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Yayana, na jini guda uku ne, ka je da safe ba ka ci komai ba na awa 8 zuwa 12, ruwa kawai. Suga: ƙasa da 5.6 lafiya, 5.6 zuwa 6.9 gargaɗi ne, 7.0 ko sama a gwaji biyu ciwon suga ne (wasu injinan 100 da 126 suke nunawa, abu ɗaya ne). Kitsen jini: ka ce a yi cikakke, a fitar da LDL daban, don shi ne mai liƙewa a jijiya, jimilla kaɗai ba ta wadatar. Sai na ƙoda. Idan za a yi maka HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin suganka na watannin baya, ka faɗi genotype ɗinka (AA, AS ko SS), domin sikila da ƙarancin jini na iya karkatar da sakamakon. Shayi mai madara da asuba kuma ya ɓata gwajin, mutane da yawa ba sa lissafa shi a abinci.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam, awon hawan jini sau ɗaya a kemis, ka shigo daga rana kana haki, ba awo ba ne. Ka samu na'urar damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ka guji goro, kofi da motsa jiki na rabin awa, ka zauna minti 5 da bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ka auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma har kwana 7, ka rubuta. A gida, matsakaici na 135/85 ko sama hawan jini ne. Idan maɗaurin ya yi wa damtsenka kaɗan, lambar za ta fito sama da gaskiya. Ka auna ƙugunka ma da awon tela daidai cibiya: namiji ya wuce santimita 94 ya fara shiga haɗari, 102 kuwa babu musu. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da yajin tsire da kanwa duk suna cikin lissafi.

Wani ɗan zaure:
Ni ina ganin ya fara shan asfirin kullum kafin ya je, ai yana tsinka jini.

Mai harhaɗa magunguna:
A'a ɗan'uwa, asfirin na kullum sai likita ya rubuta, yana iya fasa jini a ciki, balle ana zargin olsa. Abin da za ka bari, Malam, shi ne diclofenac da ibuprofen da 'yan ƙwallo ke watsawa bayan wasa, suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda. Maganin ƙarfin maza kuma, har na kwalba da ake cewa na gargajiya ne, wasu akwai sildenafil a ciki. Idan ya haɗu da maganin ƙirji na ƙarƙashin harshe jini na iya faɗuwa warwas. Ka gaya wa likita gaskiya in kana sha.

Mai koyar da agajin gaggawa:
Wannan na ƙungiyarku ne duka. Nauyi ko matsi a ƙirji da ya wuce 'yan mintuna, ko ya zo ana zaune, ya bi hannu, muƙamuƙi ko baya, ga gumi mai sanyi da tashin zuciya: a zaunar da mai ciwon, a ba shi asfirin 300mg ya tauna idan ba ya masa illa kuma ba ya zubar jini, a wuce babban asibiti. Kada ya tuƙa kansa, kada a tsaya kemis. Mai suga kan zo da haki da kasala kawai, ba ciwo.

Idan ya faɗi ba ya amsawa, numfashi babu ko sai gurnani jifa-jifa, zuciya ta tsaya. Ban da yayyafa ruwa da fifita da ɗura madara. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kai, gwiwar hannu a miƙe, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wani ya kira 112, wani ya tayar da mota, masu dannawa su riƙa karɓar juna duk minti 2, ko haƙarƙari ya yi ƙara kada a daina. Danna ƙirji da na'urar girgiza zuciya ne suka dawo da Christian Eriksen, ɗan ƙwallon Denmark da ya faɗi a fili, a 2021. Ku nemi Red Cross ta jiharku ta koya muku a filin da kuke wasa.