Rufin ɗakin jirgin ruwana yana gumi, fenti ya kasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da jirgin ruwa na ƙarfe a Yawuri, da ɗan ɗakin da muke kwana a ciki. Tunda hunturu ya shigo, kullum da asuba rufin sai ya yi ta gumi yana ɗiga kan katifa. Na kankare tsatsar, na shafa jan fenti, na bi da fentin mai sau biyu. Wallahi sai ƙyalli kawai.

Mai walda ya ce numfashinmu ne ke zama ruwa a jikin ƙarfe mai sanyi, wai in liƙa soso in rufe da katako. To idan danshi ya shiga bayan soson fa, ba zai ci ƙarfen a ɓoye ba? Ko tagar iska zan fara hudawa? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.