Wane littafi zan nema na yaƙi da bindigogi?

Dan_Fagge: Salam jama'a, don Allah ku ban sunan littafi mai yaƙi da harbe-harbe, ko irin na sararin samaniyar nan, soyayya ta ishe ni wallahi.

Abban_Hanifa: Malam fara da Ganɗoki na Bello Kagara, tun 1934 ne amma faɗan da jarumin littafin ya yi da Turawa har yau yana tsuma ni, kirari kamar me.

Sadiq_Kurna: In kana jin Turanci nemi The Gun na Chivers, tarihin AK-47 ne tun daga Rasha, sai dai kauri gare shi fa, duba wajen masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari ko ka dace.

Maman_Ilham: Yaya kun manta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, yaro aka ɗauka zuwa sama.