Fumfuna ta addabe mu a Ajah: in sayi na'urar tsotse laima ta gida gaba ɗaya?

Bakano a Ajah:

Assalamu alaikum jama'a. A watan Janairu aiki ya dawo da ni Legas daga Kano, na kama hayar gida mai ɗaki uku a Ajah, a hawan ƙasa. Lafiya lau muke har damina ta kankama. Ranar Juma'ar da ta wuce na buɗe wadirob zan ɗauko babbar rigata, shaddar da ban sa ba tun ƙaramar Sallah, sai na tarar da ɗigo-ɗigon fumfuna tun daga wuya har aljihu. Takalmin fatata kuwa har gashi ya yi, fari-fari kore-kore. A kicin gishiri ya zama ruwa, dunƙulen Maggi yana narkewa cikin takardarsa, ashana sai an ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama. Mu da muka saba a Kano kafin uwargida ta gama shanya na farko ya bushe, a nan tawul sai ya kwana biyu yana warin gumi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin yaronmu ya fara tari da daddare, kuma bangon da ke bayan gadonmu fentinsa ya kumbura yana ɓarewa.

Wani abokin aikina ya ce akwai na'urar tsotse laima, wadda 'yan kasuwa ke kira dihumidifaya, babba da ake haɗa wa gida gaba ɗaya. Esi biyu gare ni na jikin bango, da ƙaramin janareta. In nemo ta, ko asarar kuɗi zan yi?

Mai gyaran esi, Agege:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka saya tukuna. Waccan babbar an yi ta ne don gidajen da ke da bututun iska a cikin silin, irin na Amurka, inda inji ɗaya ke raba sanyi ga kowane ɗaki. A jikin bututun ake haɗa ta. Kai esinka na bango ne, ba ka da bututu, sai an fasa silin an ja sabo. A gidan haya? Mai gida ba zai ma saurare ka ba.

Aikinta ɗaya da ƙaramar irinta mai taya, wadda ake ajiyewa a ɗaki. Ka ga yadda robar ruwan sanyi ke yin gumi in ka fito da ita daga firij? To shi ne. Fanka tana zuƙo iskar ɗaki ta bi da ita ta kan ƙarfe mai sanyi, laimar ta koma ruwa ta ɗiga a tanki, iskar ta wuce ta kan ƙarfe mai ɗumi ta fito a bushe. Saboda haka ɗakin zai ɗan ƙara zafi, kada ka ce ta lalace.

Fara da sayen ƙaramin agogon auna laima, ana samu a kasuwar Alaba ba tsada. Abin da ake so a ɗaki shi ne kashi 50 cikin 100 ko kusa da haka. In ya daɗe sama da 60, fumfuna ta samu gida. Iskar Legas da damina tana wuce 80 ba wuya, kuma Ajah tsakanin teku da lagun take.

Sannan duba rimot ɗin esinka, akwai alamar ɗigon ruwa. Danna ta, ita ke sa esin ya tsotse laimar ɗaki. Mutane da yawa shekara da shekaru suna da ita ba su san amfaninta ba. Kuma in esin ya yi wa ɗakin girma, nan da nan yake sanyaya shi ya tsaya, bai samu lokacin tatse ruwan ba, sai ka ji sanyi amma zanin gado da danshi.

In ka gwada bai isa ba, sayi mai taya mai cire lita 20 a rana. Tana cin wajen wat 300 zuwa 400. Lissafa da kanka: awa 8 a rana wajen yunit 3 ne, kuma tun Afrilun 2024 yunit ɗin Band A (rukunin da suka fi samun wuta) ya haura naira 200, wato wajen naira dubu 20 a wata. Nemi wadda ke tashi da kanta in an dawo da wuta, ka sa mata abin kare ƙarfin wuta, don kwampreso, injin da ke sanyaya ƙarfen, ba ya son a kashe a kunna nan take. Janaretan kuma ka gwada shi da ita tukuna, lokacin tashi tana jan wuta fiye da abin da aka rubuta.

Maman 'yan biyu, Idi-Araba:

Sannu Baban yara, Allah ya ba yaron lafiya. Tarin dai a kai shi asibiti, kada a tsaya jiran na'ura.

Ni ina da mai tayar shekara biyu ke nan. Kuskuren da na yi da farko, na kunna ta taga a buɗe, tanki yana cika ina murna, ashe Legas gaba ɗaya nake ƙoƙarin busarwa. Sai an rufe ƙofa da taga. In tagoginku masu gilashi jere-jere ne, iska na shiga ko a rufe, a toshe. Na gaji da zubar da ruwa na sa mata tiyo ya zarce banɗaki. Ruwan ba a sha, ni goge-goge nake yi da shi.

Ka ce wa Hajiya ta janye wadirob daga jikin bango kamar tafin hannu, ta daina shanya a ɗaki, atamfofin lefe kuma su koma robobi masu murfi bayan sun sha rana. In za ta wanke fumfunar da bilic, kada ta gauraya shi da wani maganin wanki, hayaƙinsa yana da illa.

Tsohon birkila, Mile 12:

Duk kun yi maganar iska, ba wanda ya taɓa bangon. Malam, fentin daga ina ya kumbura, daga ƙasa ko daga sama? In daga ƙasa ne zuwa wajen gwiwa ko ƙugu, da farin gari kamar kanwa, to bangon ne ke shan ruwa daga tushe. Yankinku ruwa yana kusa, wani wurin ma cike shi aka yi da yashi, in ba a shimfiɗa ledar tare ruwa da kyau lokacin gini ba haka ake fama. Wannan ko na'ura goma ka jera ba za ta ƙare shi ba. Manna leda a wurin ka liƙe gefunanta da salatif kwana biyu. In gumi ya taru a ciki, tsakanin ledar da bango, daga bangon ne. In a waje ya taru, iskar ɗakin ce.

Bakano a Ajah:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sayo agogon, ɗakin kwana ya nuna 84 da asuba, bayan awa uku a alamar ɗigon ruwa ya sauka 66. Yaro mun kai shi, an ba shi magani, mun mayar da yaran ɗakin gaba. Baba birkila, ledar ta jiƙe ta ciki, kuma farin garin yana nan daidai gwiwa. Na tura wa wakilin mai gida hoto, ya ce zai turo mai fenti. Fentin zai yi wani abu, ko in ce masa birkila nake so?