Ɗaliban koyon aiki a masana'anta: me kowa ya gani da idonsa?

Mai injin casar shinkafa, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa karɓar ɗalibai, ko ya taɓa zuwa koyon aiki, ya faɗi abin da ya gani, domin abin da ya same ni a kakar bara har yau bai bar raina ba. Ana tsakiyar shigowar shinkafa sandar ƙarfen da ke juya injin ɓare ta cinye, alhali ina da matasa biyu masu difloma a fannin injiniya, amma aka rasa wanda zai auna kaurinta ya rubuta wa mai sassaƙa ƙarfe adadin da ake so. Sai da na ɗauko mutum daga Sharaɗa a Kano, injin ya kwana shida a tsaye, buhuna jibge har bakin ƙofa, masu kaya kuma suna ta kira. Yaran nan ba malalata ba ne, shi ya sa nake tambaya: a ina igiyar ta tsinke?

Malamin kwalejin fasaha:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Wani ɓangare na laifin namu ne, ba zan ɓoye ba. A ɗakin gwajinmu injin sassaƙa ƙarfe ɗaya ne ke tashi, ɗaliban aji kuwa sun fi saba'in, ga wuta ba kullum ba, saboda haka yaro yakan gama shekara biyu bai riƙe ma'aunin kauri sau uku ba. Wannan giɓin ne ya sa hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971, ta ɓullo da shirin koyon aiki na ɗalibai, wato SIWES, a 1973, inda ɗalibin difloma yake yin wata huɗu a wurin aiki, na jami'a kuma wata shida. Sai dai ku ma masu masana'antu, idan muka turo muku yara, da yawanku ba kwa barin su kusanci inji. Na taɓa zuwa duba wani ɗalibina na tarar da shi a bakin ƙofa yana rubuta lambobin motocin da ke shigowa.

Tsohuwar ɗaliba, yanzu mai gyaran wutar injuna:

Malam ya faɗi gaskiya, domin ni ma haka wata huɗuna suka wuce. An ce mace ce, kada wuta ta ja ni, aka zaunar da ni a ofis ina jera takardu, littafin rahoton aiki kuwa kwafarsa muka yi daga na waɗanda suka gabace mu, aka buga mana hatimi a rana ɗaya. Abin da ya cece ni shi ne shekarar aikin da ake yi bayan difloma kafin a koma babbar difloma, lokacin da na faɗa hannun wani dattijo a wata masana'antar man gyaɗa. Ranar farko bai ce mini komai ba, sai ya miƙo mini zanen wayoyin wani allon wuta da ya ƙone, ya ce in bi kowace waya da yatsa har in gano inda ta mutu. Na yi kwana uku ina bi, ina komawa baya, shi kuma yana zaune a kan benci yana shan shayinsa, sai dai in na nufi wurin haɗari ya yi gyaran murya. Da na gano ta, sai ya sa na sake zana allon gaba ɗaya da hannuna. A makon nan na fahimci abin da aka yi shekara biyu ana karanta mana.

Dattijo, tsohon ma'aikacin kamfanin mulmula ƙarafa:

'Yata, Allah ya yi albarka, irin tarbiyyar da muka samu ke nan. Kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina ɗaya ne daga cikin uku da gwamnatin tarayya ta gina a farkon shekarun 1980, sauran suna Jos da Osogbo, ana kawo musu ɗanyen ƙarfe daga kamfanin ƙarfe na Aladja suna mayar da shi rodi. Da na shiga, an haɗa ni da wani babba wanda sai ya ce na iya kafin a bar ni ni kaɗai a kan inji, kuma in na yi ɓarna shi ake fara tuhuma. Abin da ke damuna yau shi ne, mu da muka san aikin muna zaune a gida, wasunmu sun rasu, ba a taɓa kiranmu aji mu nuna wa yara ko yadda ake gane ciwon inji daga ƙararsa ba.

Mai walda, Ƙofar Ƙaura:

Baba, ku gafarce ni, amma duk maganar nan an bar mu a baya, alhali yawancin masu aikin ƙarfe a garin nan a bakin titi suka koya. Na yaye yara sun fi ashirin, hannunsu ba ya rawa, amma awonmu na ido ne da tef, zane kuwa ba mu iya karantawa ba. Wani kamfani mai haɗa tankuna ya nemi masu walda, na tura uku daga cikin gwanayena, aka dawo da su saboda babu takardar shaida kuma sun kasa fassara alamomin da ke jikin zanen. Yaron makaranta ya san zane bai iya riƙe sandar walda ba, nawa ya iya walda bai san zane ba. Da za a haɗa su a rumfa ɗaya da yamma, kowa zai ƙaru da ɗan'uwansa.

Malamin kwalejin fasaha:

Maigida, akwai ƙofa ga yaranka. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke Kaduna tana kula da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa, wanda ya amince a gwada mutum a kan abin da ya riga ya iya a ba shi takarda, ko da bai zauna a aji ba. Darasin zanen kuwa, ni zan iya ba da yammacin Asabar idan ka ba mu rumfa.

Magidanci daga Daura:

Mu a nan abin ya fi matsa mana, domin an kafa kwalejin fasaha ta tarayya a 2019, ga jami'ar sufuri, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta garinmu, amma masana'antun da za su karɓi ɗalibai kaɗan ne. Ɗana sai Kano ya tafi koyon aiki, kuma kuɗin ɗaki da na abinci duk daga aljihuna suka fita.

Mai injin casar shinkafa, Katsina:

Na ji, kuma na karɓi rabona na laifin. Tsorona biyu ne: yaro ya lalata mini injin miliyoyi, ko in horar da shi ya ƙware ya tafi Kano inda albashi ya fi tsoka, wanda ya taɓa faruwa da ni sau biyu. Akawuna ya tuna mini cewa kamfanonin da doka ta hau kansu suna biyan ITF kashi ɗaya cikin ɗari na albashin shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikata bisa ƙa'ida yana iya neman a mayar masa da wani kaso, abin da ban taɓa bi ba. Malam, ka turo mini ɗalibai biyu kawai a zangon nan, kada su wuce haka, kuma ka zo ka ga injinan kafin su iso. Baba, idan lafiya ta bari, ina so ka riƙa zuwa Litinin da Alhamis ka tsaya a kansu, sai mu yi maganar ladanka idan na zo gaishe ka ranar Juma'a bayan masallaci.