Dattijon da ke ɓoye hoton abokin zamansa a gidan tsofaffi

Mai Jinya:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila, inda muke da wani dattijo mai shekara 81 wanda abokin zamansa, shi ma namiji, ya rasu bara. Tun daga lokacin abinci ya fita ransa, ya kuma daina shiga mutane. Ba ɗa ba jika, babu mai leƙo shi sai wata tsohuwa da suka daɗe tare, hoton mamacin kuwa a ƙasan akwati yake ajiye shi. Me yake tsoro, alhali dokar ƙasar ba ta hana neman jinsi ɗaya ba, kuma ta ina zan taimaka masa?

Baban Salma:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki lissafa shekarunsa, za ki ga cewa ya yi samartakarsa lokacin da ake ɗaure maza a Ingila saboda neman jinsi ɗaya, domin sai a 1967 aka sassauta dokar, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ba ta cire shi daga jerin larurorin ƙwaƙwalwa ba sai a 1990. Wanda ya saba kaffa-kaffa da ɗan sanda da likita, idan tsufa ya mayar da shi hannun baƙi masu yi masa wanka, tsohon tsoron ne ke dawowa. Ga kuma ƙanjamau da ta kwashe musu abokai masu yawa daga 1981. Abin da ya fi damuna shi ne makokin da yake yi a ɓoye, babu mai yi masa ta'aziyya.

Hajiyar Landan:
Malama, wannan tsohuwar ita ce danginsa. Da yawansu iyaye sun kore su, sai abokai suka maye gurbi, matsalar kawai ita ce sa'anni ne, tare ƙarfinsu yake ƙarewa. Shi ya sa aka kafa ƙungiyar SAGE, mai tallafa wa tsofaffi masu neman jinsi ɗaya, a New York tun 1978. Ki tambaye shi ko yana so a rubuta sunanta a matsayin wadda za a fara kira, sannan ki sanar da likita batun abincin, domin yana iya zama alamar ciwon damuwa.

Mai Jinya:
Na gode. Abin da addinina ya ce na nan yadda yake, amma jinyarsa amana ce a wuyana. Gobe zan yi masa ta'aziyya, in tambaye shi ko yana son a ɗora hoton a kan tebur.